Tambayar Da Inna Ke Yi Wa Allah

Wannan makon ku yi mini haƙuri da ci gaban labarinmu, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da yawanku kun san ni mai bin Almasihu ce, don haka da harshen majami'a zan yi ta, amma na san 'yan'uwana Musulmi ba za ku ji ta baƙuwa ba.

Duk wanda ya taɓa kai littafi kasuwa ya san wata doka da ba a rubuta ba: in ka wahalar da yarinya a littafi na ɗaya da na biyu, to dole ka share mata hawaye a na uku. Kishiyar da ta yi asiri ta haukace, mijin da ya juya baya ya dawo neman gafara, ɗan da ya ɓace ya bayyana cikin mota. In ka saɓa, masu karatu ba za su yafe maka ba. Da wannan nake cin abinci, ban raina ba. To amma akwai mutanen da littafinsu na uku ya ƙi fitowa, ɗaya daga cikinsu ita ce ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna.

Aure ne ya kai Inna Michika ta jihar Adamawa. A watan Satumba na 2014 'yan Boko Haram suka shiga garin, jama'a suka watse, Kirista da Musulmi, kowa ya yi ta kansa. Ta gudu Mubi. A ƙarshen Oktoba Mubin ma ta faɗa hannunsu, har da hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Daga nan sai Yola, daga Yola sai wurinmu a Jos, da zane ɗaya a jikinta. Autanta ɗan shekara 17 tun a Michika ya juya ya ce zai ɗauko kakansa da ba ya iya tafiya. Shi ke nan ganinta da shi. Ba gawa balle a yi jana'iza, ba labari balle a sa rai.

A sujadarmu ta Lahadi akwai lokacin shaida, inda mutum zai tashi ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa. A waɗancan watanni shaidu sun yi yawa. Wannan ya ce harsashi ya wuce ta gefen kunnensa, waccan ta ce bayan wata uku ta gano 'ya'yanta a Kamaru. A yi guɗa, a buga ganga. Gaskiya suke faɗa, kuma hakkinsu ne su gode. Amma ni da ke zaune kusa da Inna ina ganin yadda take murza bakin gyalenta. Duk wanda ya ce Allah ya ji addu'arsa, ita abin da kunnenta ke ji shi ne ba a ji tata ba.

Masu ba da haƙuri kuwa ba su rage mata komai ba. Wata a Zumuntar Mata ta ce ba a yi wa Allah tambaya. Wani dattijo ya ce ta binciki zuciyarta, ko akwai zunubin da ba ta furta ba. Wani kuma ya ce in ta yi azumin kwana bakwai da cikakkiyar bangaskiya yaron zai ƙwanƙwasa ƙofa. Ta yi azumin, har sau uku.

Wani dare muna ɓare gyaɗa ta ce mini, "'Yar nan, suna cewa bangaskiyata ta yi sanyi. Ni ban ce babu Allah ba. Da babu shi, wa zan tsare da tambaya? Abu ɗaya nake so ya gaya mini: yaron nan yana da rai in ci gaba da roƙo, ko ya mutu in yi kukana in huta?"

Na ce, "Inna, ban sani ba." Ta ce, "Yawwa. Ke kaɗai kika ba ni amsar gaskiya."

Wannan ya sa na koma Littafi Mai Tsarki da idon mai rubuta labari, na ga abin da ba a cika yin wa'azi a kansa ba. A sura ta 12 ta Ayyukan Manzanni, Hiridus ya sa aka sare Yakubu ɗan'uwan Yohanna, sannan ya kama Bitrus. Mala'ika ya zo da dare ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Sura ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu, ɗaya ya fita ɗaya ya mutu, kuma babu layi ko ɗaya da ya yi bayanin dalili. Yohanna Mai Baftisma, wanda da bakinsa ya nuna wa jama'a Yesu, da kurkuku ya yi masa tsawo sai ya aika a tambayo ko shi ne dai wanda ake jira. Yesu bai tsawata masa ba, yabonsa ma ya yi a gaban taro. Amma bai fito ba, a can aka fille masa kai.

Labarin Ayuba ya fi tsaya mini a rai. Mu masu karatu tun daga sura ta farko an nuna mana abin da ya jawo masifar, shi kuwa har sura ta 42 ba a gaya masa ba. Abokansa uku sun zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, a ganina nan ne kawai suka yi masa amfani. Da suka buɗe baki suna kare Allah suna laluben laifin Ayuba, su aka tsawata wa a ƙarshe, ba shi mai gunagunin ba. Wasu za su ce ai an ninka masa dukiya, an ba shi wasu 'ya'ya goma. Haka ne. Amma ku tambayi kowace uwa ko goman baya na maye gurbin goman farko.

Ba a tsohon zamani wannan ya tsaya ba. A watan Janairu na 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi a Michikar nan, aka nuna shi a bidiyo cikin natsuwa yana miƙa lamarinsa ga Allah. Majami'u suka duƙufa da addu'a, kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Cikin 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilun 2014, an sako 21 a 2016 da 82 a 2017, amma da aka cika shekara goma a 2024 fiye da 80 ba su dawo ba. Iyayensu a benci ɗaya suka durƙusa da iyayen waɗanda suka dawo. Ni dai ba zan iya duban idon ɗayansu in ce addu'arta ce ba ta kai ba.

Inna ta koma Michika bayan ƙura ta lafa, ta gyara ɗaki ɗaya cikin gidan da aka ƙona. Ba ta fasa zuwa sujada ba, tana waƙa da mata, tana ba da baikonta. Lokacin shaida dai har yanzu ba ta tashi. Idan na kira ta a waya na tambaye ta ya addu'a, sai ta ce suna nan suna rigimarsu ita da Ubangiji, bai amsa ba, ita ma ba ta ƙyale shi ba. Lambar wayar da yaron ya sani ita take riƙe da ita, ta hana kowa ya canza mata layi.