Rabon Gidajen Haya da Zaman Unguwa a Ingila

Gina gida aikin magina ne, amma haɗa unguwa aikin mai rabon mabuɗi ne. Tsohuwar unguwa a hankali take cika, wannan ya zo bana, wancan ya zo baɗi, har a saba da juna. Sabbin gidajen hukuma kuwa lokaci guda ake buɗe su, cikin 'yan makonni baƙin juna sun zama maƙwabta. Saboda haka duk wanda aka damƙa wa rabon, shi ne ke yanke irin zaman da za a yi a wurin na shekaru masu yawa. Ƙasar Ingila ta daɗe tana fama da wannan al'amari.

A shekarar 1957 wasu masana halayyar zaman jama'a, Michael Young da Peter Willmott, suka wallafa nazarinsu kan Bethnal Green, wata unguwar talakawa a gabashin Landan. Gidajen unguwar tsofaffi ne, ga cunkoso, amma zumunci a ƙafa yake. Idan 'ya ta yi aure, uwarta kan tari mai karɓar kuɗin haya ta roƙar mata ɗaki a kusa, ta yadda raino da jinya da rance duk ba sa wuce layi biyu ko uku. Da hukuma ta gina sabbin gidaje a Essex, kimanin mil 20 daga nan, sai ta raba su gwargwadon bukatar kowane iyali, ba ta dubi dangantaka ba. Waɗanda suka koma sun sami lambu da wurin wanka, sai dai matan sun yi kukan kaɗaici, domin uwa ta yi nisa, maƙwabciya kuma baƙuwa ce.

Wannan ya sa wasu ƙananan hukumomi suka riƙa fifita 'ya'yan mazauna unguwa a wajen rabo. Hujjarsu ba ta rasa ƙarfi ba, domin ko Bahaushe ya ce sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa. Matsalar ita ce, wanda iyayensa ba su taɓa zama a unguwar ba, ba shi da ranar shiga. A gabashin Landan, waɗanda wannan tsari ya bari a waje galibi iyalan da suka zo daga Bangaladash ne, waɗanda suka fi kowa zaman matsi. Dokar 1977 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da muhalli ga marasa matsuguni masu bukata ta gaggawa, kamar masu ƙananan yara. Daga nan sai tsofaffin mazauna suka fara ganin an tsallake su a layi. Ana cikin haka dokar 1980 ta ba 'yan haya damar sayen gidajen da suke ciki a kan rangwame, aka sayar da kimanin miliyan 2 a Ingila, ba a kuma gina madadin da ya kai yawansu ba. Abinci ya ragu, hannuwa suka ƙaru a akushi. A watan Satumba na 1993 jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi ta ci kujerarta ta farko ta kansila a mazaɓar Millwall da ratar ƙuri'a 7 kacal, rabon gidaje kuwa shi ne babban abin da ta yi yaƙin neman zaɓe da shi. Kujerar ta kuɓuce mata a 1994.

Bin bukata zalla ma yana da tasa illar. A 1993 David Page ya fitar da wani rahoto da ya nuna cewa sabbin rukunan gidaje da aka cika da mafiya bukata kaɗai, wato marasa aiki da masu yara da yawa, kan fara lalacewa cikin 'yan shekaru. Ba laifin talaka ba ne. Unguwar da ba ta da dattijon da zai tsawata, ba ta da ma'aikacin da zai sanar da matashi inda ake ɗaukar aiki, an tauye ta tun kafin fentinta ya bushe.

Hanyar da ake bi ita ce tsarin rabo na musamman ga sabon rukuni, wanda dokar gidaje ta 1996 ta ba da dama a yi. A irin wannan tsari akan ware wani kaso ga masu aikin yi, a duba yawan yara don kada su rinjayi manya, a haɗa tsofaffi da sabbin ma'aurata, a kuma ba wasu da ke da dangi ko aiki a yankin. Sau da yawa a rabon farko kaɗai ake amfani da shi, bayan nan a koma bin layi. Dokar 2011 ta ƙara wa ƙananan hukumomi ikon gindaya sharaɗin daɗewa a yanki, a shekarar ne kuma aka fito da nau'in haya mai rangwame wadda za ta iya kaiwa kashi 80 cikin 100 na kuɗin hayar kasuwa, rangwamen da a Landan bai cika isar talaka ba.

Tsarin yana da hikima, amma yana da wanda yake biyan kuɗinsa. Duk gidan da aka ba ma'aikaci domin daidaita unguwa, akwai wata uwa da 'ya'yanta a masaukin wucin gadi da za ta ƙara jira. Abin da ya kamata shi ne a rubuta ƙa'idar a fili tun kafin a buɗe gidajen, a sa mata wa'adi, a kuma bayyana yadda rabon ya kasance, domin jita-jitar son kai ta fi saurin yaɗuwa inda aka yi rabo a ɓoye. A shekarar 2024 iyalai fiye da miliyan 1 da dubu 300 ne ke cikin jerin masu jiran gidan hukuma a Ingila.