Kwanan Mota, da Ranar da Na Ga Gurara

'Yan uwa mazauna Sabon Wuse, Tafa, Dikko, Madalla da Suleja, da ma duk wanda neman abinci ya raba shi da garin iyayensa. Yau hutu zan ba ku daga zancen farashin kaya. Kwanakin baya wani abokina ya nuna mini bidiyo a wayarsa, na wasu tsofaffin Turawan Amurka, mata da miji, da suka rufe gidansu suka koma cikin mota da zama. Motar kuwa ƙatuwa ce, an yi mata gado da kicin da banɗaki, har da tankin ruwa. In hunturu ya shigo ƙanƙara ta fara zuba sai su gangara kudu, Fulorida ko Arizona, in zafi ya dawo su haura arewa suna bin duwatsu da tafkuna suna ɗaukar hoto. Abokin nawa ya ce, "Ka ga masu kuɗi sun rasa abin yi." Ni kuwa dariya ce ta kama ni, don tun ina ɗan shekara 16 nake wannan rayuwa, sai dai tamu motar warin doya take yi.

Baba ɗan doya ne. Daga Ɗambatta ya zo a 1987, lokacin ana tsaka da ginin Abuja, ya fara da dako, ya koma dillanci, har Allah ya ba shi jarin kansa. Duk shekara in doya ta kama fitowa sosai, wato daga wajejen Oktoba har zuwa Janairu, gida sai dai mu riƙa leƙowa. Mukan ɗauki shatar Kanta guda, mu bi kasuwannin ƙauye ɗaya bayan ɗaya, Dikko, Lambata, Paiko, wani lokaci har Gwada da Kuta, muna saye ƙwarya-ƙwarya (ga wanda bai san harkar ba, ƙwarya ɗaya doya 100 ke nan) har mota ta cika a wuce da ita Kano. Kayan zamanmu ba su da yawa: tabarma biyu, bargo, buta, jarkar ruwa, risho, tukunya ɗaya, da tampol wanda shi ne rufin kaya, shi ne kuma rufinmu. Baba da direba su kwana a gaba, ni da yaron mota a saman doya. Wanda bai taɓa kwana a kan doya ba, wallahi bai san yawan ƙasusuwan da ke bayansa ba. Da asuba raɓa ta jiƙa bargo, ka sauko ka yi alwala da ruwa kamar ƙanƙara, ka ɗora shayi, kafin gari ya gama wayewa matan Gwari sun fara fitowa daga gonaki da kaya a kafaɗa, don su a al'adarsu ba a ɗora wa kai kaya.

To, a hanyar Minna, in ka wuce Lambata, akwai wata kwana wajen ƙauyen Bonu da take shiga inda kogin Gurara ke faɗowa daga kan dutse. Na lissafa, Baba ya fi shekara 30 yana wuce kwanar nan, bai taɓa ko juya kai ba. Ni ma haka na tashi na gani, haka na bi. A wurinmu ƙasar nan kasuwa ce kawai. Mun san ranar cin kowace kasuwa, mun san ƙauyen da doyarsa ke saurin ruɓewa, amma ka tambaye mu sunan rafin da muke wanke ƙafa a ciki duk mako, sai mu tsaya kallonka.

A Oktoban 2022 ne Allah ya kawo sanadi. Mun ɗauko rabin lodi daga Paiko, dab da kwanar nan bel ɗin fanka ya tsinke. Direba ya hau acaɓa zuwa Lambata neman wani, Baba ya bi shi don ya riƙe mana kaya wajen dillali kafin kasuwa ta watse, aka bar ni da yaron mota da gargaɗi ɗaya tak: kada wanda ya matsa daga nan. Muka zauna awa ɗaya, awa biyu. Can sai ga wani ɗan acaɓa ya fito daga kwanar ya ce, "Ba za ku je ku ga ruwa ba? Yanzu ne lokacinsa, damina ta cika shi." Na dubi yaron mota, ya dube ni. Muka ja tampol muka ɗaure, muka ce minti 30 ba za ta kashe kowa ba.

Tun kafin mu iso na fara jin wani ruri, na ɗauka tirela ce ke hawan tudu. Da muka sauka muka bi 'yar hanya ta cikin itatuwa, sai ga shi. Jama'a, kogi ne sukutum, jawur da laka, faɗinsa ya kai mita 200, yake zubowa daga tsayin wajen mita 30, yana dukan duwatsu, tururin ruwa na tashi kamar hayaƙin gobara. Yaron mota na yi mini magana a kunne, bakinsa kawai nake gani yana motsi. Rigata ta jiƙe sharkaf alhali ban taɓa ruwan ba. Na yi ta faɗin Subhanallah ban san ina faɗa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk daren da na kwana a saman doya a bakin hanyar nan, ashe wannan abu yana nan kusa yana ta aikinsa, ni kuwa ina lissafin la'ada.

Minti 30 ta zama awa biyu. Da muka dawo, mun tarar da Baba tsaye a gindin mota, an kwance gefen tampol, doya 23 sun yi ƙafa. Bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Ina ka je?"

"Baba, ruwa na je gani."

"Ruwa. Rijiyar gidanmu ta ƙafe ne?"

Na yi shiru. Ya ce kuɗin doyar daga rabona za a cire, haka kuma aka yi, ko kwabo bai ɗaga mini ba. Da dare muna shan shayi a Lambata ya ƙara da maganar da na sha ji tun ina yaro: "Mu nan baƙi ne. Abinci muka zo nema. Yawon kallon dutse na masu ƙasa ne da Turawa. In ka tara abinka, ka je gida ka kalli abin da kake so."

Gidan da yake nufi Ɗambatta ne, inda ya yi shekara 12 yana ɗora bulo a kan bulo. Ni kuwa a Sabon Wuse aka yanke mini cibiya, a nan na yi firamare da sakandare. In mun je Sallah can, 'yan uwa "ɗan Gwari" suke ce mini, suna dariyar yadda nake haɗa Hausa da Turancin kasuwa. In na dawo nan aka zo maganar takardar shaidar ɗan asali, sai a ce in nufi Kano. Na san da yawa daga cikinku haka kuke, a can baƙo, a nan baƙo. Abin dariyar shi ne, garin namu kansa na waɗanda aka taso ne: mutanen tsohon Wuse aka kwaso aka zaunar a nan saboda ginin babban birni. Suleja ma Hausawan Zazzau ne suka kafa ta, waɗanda suka biyo Sarki Makau kudu bayan jihadi ya ci Zariya, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin a 1828. Sunan Abuja ma nasu ne, bayan dokar 1976 aka ba wa sabon birni, su kuma suka koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Su ma ai wata rana baƙi ne a tsakanin Gwari da Koro. Shekara nawa mutum zai yi a wuri kafin ya sami izinin ɗaga kai ya dubi dutsen da ke bayan gidansa?

Tun daga ranar na ɗauki wata ɗabi'a. Duk inda mota ta tsaya, in na gama aikina na danƙa amanar kaya a hannun wani (darasin doya 23 bai tafi a banza ba), sai in taka. Na zagaya gindin Dutsen Zuma da ƙafa, wanda a da sai dai in gan shi ta gilashin mota ko a bayan takardar naira 100 ta 1999, na tsaya daidai inda fuskar nan take, na ga ashe zanen da ruwan sama ya bari ne da ramukan dutse. Na je Ushafa na hau tudu na hango tafkin Usuma da Abuja ke sha, wanda ake ƙara masa ruwa ta bututu daga dam ɗin da aka yi a kan wannan Gurara ɗin dai. Tafkin Shiroro kuwa, na dam ɗin lantarki da aka gama a 1990, sau ɗaya na gan shi, da rana tsaka, a gurguje. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin muka daina kwana a wajejen Kuta, ko da sayayya ta kai mu, kafin la'asar mun juyo. Turawan bidiyon nan suna zaɓar wurin kwana ne saboda kyan gani. Mu yanzu kusa da shingen jami'an tsaro muke nema.

A Fabrairun 2024, bayan doya ta ja baya, muna dawowa daga Paiko da mota kusan babu kaya, sai na ji Baba ya ce wa direba, "Shiga nan mu ga ruwan da ya ci mini doya." Gabana ya faɗi, don na san rani ne. Ai kuwa muka tarar ruwan ya janye, ya rabu 'yan zirara, fari tas, duwatsun da na gani a nutse duk sun fito baƙi ƙirin, har yara na tsalle a kansu.

"Wannan ne?" in ji Baba.

"Baba, da damina ba haka yake ba."

Bai amsa ba. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya gangara a hankali yana dafa dutse, ya yi alwala, ya shimfiɗa rawaninsa ya yi la'asar. Bayan ya sallame ya daɗe zaune yana duban wajen, har direba ya fara danna ham. Da muka hau mota ya tambaye ni wane wata ne na ce ruwan ya fi cika. Na ce Satumba zuwa Oktoba. Ya ce, "Lokacin aiki ne," ya jawo littafinsa na bashi ya shiga lissafi.