Kyan jirgi ba a fenti yake ba

Shekara 23 ke nan ina saye da sayar da busasshen kifi a Yeji, bakin Tafkin Volta a ƙasar Gana, amma ban taɓa mallakar ko da kwale-kwale ba. Bara da ciniki ya ɗan yi albarka, sai na ce bari in sayi ƙaramin jirgi mai inji, in riƙa fita da iyali shan iska ranar Sallah da lokacin hutun makaranta.

Wani dillali a Akosombo ya nuna mini guda biyu. Duka na faiba ne, duka na hannu, tsayinsu ɗaya, kuɗinsu ma kusan ɗaya. Na farko fari fat, fenti sabo, ga kujeru masu laushi da rumfa. Na biyu kuwa ya koɗe, bencinsa tsurar katako, an ɗaura masa injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Wallahi tun kafin in taɓa farin nan zuciyata ta riga ta saye shi.

Da dare na kira uwargida na tura mata hotuna. Ba ta yi maganar rumfa ba. Ta ce, "Alhaji, 'ya'yana za ka zuba a ciki. Wanne ne zai dawo mini da su?" Ban yi barcin kirki ba.

Washegari na ɗauko wani tsohon masunci da muka daɗe muna hulɗa. Bai ko kalli kujerun ba. Ya zagaya bayan jirgi, wurin da ake ɗaura inji, ya riƙa ƙwanƙwasawa da ƙotar sukundireba. Koɗaɗɗen ya amsa ƙwal-ƙwal. Farin kuwa sai bus-bus, kamar an bugi kabewar da ta lalace. Ya ce mini a irin waɗannan jirage katako ne a tsakiyar faibar, idan ruwa ya shiga ta ramin kusa sai ya ruɓe daga ciki, waje na sheƙi. Ya kama ƙafar injin ya girgiza, na ga allon yana lanƙwasa da idona.

Ya kuma tuna mini abin da duk ɗan Yeji ya sani. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya haɗiye dazuzzuka ba a sare itatuwan ba, kututturansu na nan a ƙarƙashi har yau, sun ci rayuka da yawa. Allon da ya ruɓe, karo ɗaya ya isa inji ya tafi da shi. Ga shi kuma farfela da fulogin Yamaha kowane bakanike a bakin tafki yana da su, na ɗayan sai an yi aike Tema.

Na sayi koɗaɗɗen. Kuɗin da na so kashewa a fenti na sayi rigunan ceto shida da su. Autata ta ce jirgin Baba mummuna ne, amma ranar Babbar Sallah ita ta fara shiga.

Shekara da shekaru ina karya kifi in shinshina cikinsa kafin in biya, sai ga shi fenti ya kusa cin kuɗina. Ɗan'uwa, idan za ka sayi jirgi, tafi da wanda ya san ruwa. Allah Ya tsare mu da iyalanmu.