Kumbashi: Inda Tatsuniya Da Gaskiya Suke Gardamar Iyaka

Matafiyin da ya bar birnin Kwantagora ya fuskanci arewa, ba zai daɗe yana tafiya ba sai ya ga ƙasa ta soma sake kama. Gonakin dawa da masara su yi ta miƙewa dama da hagu, kaɗanya da ɗorawa su yi tsaitsaye a tsakiyarsu, can kuma duwatsu su fara ɗago kai ɗaya bayan ɗaya. A gindin irin waɗannan duwatsu ne, dab da iyakar Jihar Neja da Jihar Kebbi, garin Kumbashi yake zaune. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Mariga mai hedkwata a Bangi, a ƙarƙashin masarautar Sarkin Sudan na Kwantagora.

Hausa ce harshen kasuwa da na masallaci a wannan yanki, amma ba ita kaɗai ke da ƙasar ba. Akwai Fulani makiyaya, akwai kuma Acifawa, mutanen dutse, waɗanda suke kiran harshensu Cicipu. Masana harsuna sun lissafa maganar Kumbashi a cikin karorin wannan harshe. Watau dai gari ne mai tsohon tushe, wanda ya riga birnin Kwantagora kafuwa a zukatan mazaunansa.

To, abin da ya sa aka ɗauko zancen Kumbashi a yau shi ne wata gardama wadda a ido sabuwa ce, amma in an tona sai a tarar tsohuwa ce ta sake riga. Wayar hannu ta shiga lunguna da saƙo na ƙasar Hausa, masu tura finafinai kuwa sun kafa tebur a gefen kasuwanni. Cikin abin da samari suke karɓa har da finafinan zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira anime. Masu kallonsu a ko'ina cikin duniya suna da wata magana da ba su gajiya da ita: in labarin zane ya zo inda aka saba jarumi ya tsira, sai kuma marubuci ya bar abin da ke faruwa a duniya ya faru, jarumi ya ji ciwo ko ya mutu, shin wannan gaskiya ce tsagwaronta, ko kuwa ita ma wata dabara ce ta masu ba da labari?

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tambaya. Tun kaka da kakanni ya raba tatsuniya da labari. Tatsuniya da dare ake yinta, tsohuwa ce uwar ɗakinta, Gizo da Ƙoƙi ne manyan baƙinta, kuma mai yinta yakan rufe da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da aka shara. Labari kuwa na maza ne a zaure, ana ambaton sarki da gari da shekara, wanda ya ƙara gishiri kuma a tsai da shi. Rigima tana tashi ne sa'ad da mutum guda ya haɗa biyun a tukunya ɗaya. Babu kuwa ƙasar da ta fi ta Kwantagora sanin wannan haɗi, gama a kanta aka fara yinsa a rubuce da boko.

Ga yadda abin ya kasance. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa Kwantagora a 1864, ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim ya hau gadon Sarkin Sudan a 1880, ya yi suna wajen yaƙi da kamun bayi har labarinsa ya cika ƙasa. A farkon 1901 sojan Gwamna Lugga suka ci birnin, Ibrahim ya fita da jama'arsa. Turawa suka kama shi a 1902, suka kuma mai da shi kan sarautarsa a 1903, ya riƙe ta har 1929.

A lokacin da birnin ya faɗi, akwai wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka, mutumin Kagara, gabas da Kwantagora, gaba da Tegina. Sunansa Muhammadu Bello, wanda daga baya ya koyar a Kwalejin Katsina, ya kuma zama Walin Katsina. Da Hukumar Talifi ta Zariya, a hannun Dokta R. M. East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa a 1933, Malam Bello Kagara ya shiga da littafinsa Ganɗoki. Ƙanensa Abubakar Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar.

Ganɗoki littafi ne mai fuska biyu. A farkonsa tsohon mayaƙi yana ba yara labarin yaƙin Kwantagora da Nasara, da sunayen sarakuna da garuruwa na ainihi, har zuwa hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da ta ƙare a Burmi a 1903. Nan jarumtaka ba ta hana shan kashi ba, gama takobi da laya ba su ture bindiga mai ruwa. Daga nan sai littafin ya yi gabas, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa duniyar aljannu, suka yi ta cin yaƙi babu mai tarar gabansu. A ƙarshe suka komo gida suka tarar zamani ya juya.

A nan ne masu gardama suke rabuwa gida biyu, kuma kowane gida da hujjarsa.

Gida na farko suna cewa faɗuwar Kwantagora a cikin littafin ita ce ainihin misalin abin da ake magana a kai. An gina jarumi, an cika shi da kirari, mai sauraro ya gyara zama yana jiran nasara kamar yadda tatsuniya ta saba masa, sai gaskiya ta shigo ta rushe ginin. A ganinsu wannan dabara ce, kuma mai kyau, domin ita ke farkar da yaro ya san duniya ba ta tafiya bisa son ran mai ba da labari.

Gida na biyu kuwa suna cewa a'a. Ba a kiran abu dabarar ba-zata sai in mai sauraro bai zata ba. Wanda ya karanta Ganɗoki a shekarun 1930 ya riga ya san wanda ya ci yaƙin, yana ganin Joji da Razdan da idonsa, yana biyan haraji. Malam Bello ba shi da ikon ba Sarkin Sudan nasara, ko da ya so. Saboda haka, in ji su, wannan ɓangare tarihi ne kawai, dabarar marubuci kuwa tana can a ƙasar aljannu, inda ya biya jaruminsa bashin nasarar da tarihi ya hana shi.

Abin mamaki, Japanawa ma suna da nasu misalin da ya yi daidai da wannan. A 1988 Isao Takahata na kamfanin Studio Ghibli ya fito da fim ɗin zane mai suna Hotaru no Haka, watau kabarin ƙwarin nan masu walƙiya da dare. Labarin wani yaro ne, Seita, da ƙanwarsa Setsuko, bayan jiragen Amurka sun ƙone birnin Kobe a 1945. Babu aljanin da ya kawo musu abinci, babu sarkin da ya ɗauke su. Yunwa ta kashe yarinyar, yaron kuma ya bi ta. Mai kallo zai rantse wannan gaskiya ce babu haɗi. Amma Akiyuki Nosaka, wanda ya rubuta labarin a 1967 bisa abin da ya same shi, shi ya rayu, ƙanwarsa ce ta mutu. Da gangan ya kashe yaron a takarda, don nauyin da ya daɗe yana ji a zuciyarsa. Fim ɗin kuma da kurwar yaran biyu ya buɗe. Ashe ko inda aka fi zaton gaskiya zalla, hannun mai saƙa yana nan a ciki.

Haka kuma Shaihu Umar. Uwa ta fita neman ɗanta da aka sace, ita ma ta faɗa hannun masu bauta, ta ƙetare hamada, sa'an nan da Allah ya haɗa su ba ta yi nisan kwana ba. Tatsuniya da ta mai da su gida tare da raƙuma da dukiya. Malam Abubakar ya ƙi, domin yana so mai karatu ya ɗanɗani ɗacin bauta. Wannan zaɓi ne, zaɓi kuwa shi ne sana'ar marubuci.

Amma akwai tambaya ta uku wadda sai wanda ya tsaya a gindin duwatsun Kumbashi zai ji nauyinta: gaskiyar wa ake faɗi? Ganɗoki a kan doki yake ba da labarinsa. Mutanen da dawakin suke bi, watau Kambari da Gwari da sauran ƙabilun wannan yanki, ba su sami bakin magana a cikinsa ba. Duwatsun da matafiyi yake sha'awa a yau, a wancan zamani mafaka ne, gama doki ba ya hawan dutse. Abin da mahayi ya kira ganima, wanda ke saman dutse ɗansa ne ko 'yarsa. Labari yana iya faɗin sunan kowane sarki daidai, da kowace shekara daidai, amma ya zama rabin gaskiya ya faɗa.

Wannan ba zancen da ba ne kaɗai. A watan Fabrairu na 1921 babu wanda zai zaci haka, amma shekara ɗari bayan nan, a Fabrairun 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Kagara, garin su Malam Bello da Imam, suka kwashi ɗalibai da ma'aikata. A watan Mayu na shekarar suka kwashi yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina. Ƙauyukan Mariga su ma sun sha wannan masifa. Yaran da suka ga haka da idonsu ba su bukatar fim ɗin Japan ya gaya musu cewa jarumi yana iya rashin zuwa a kan kari. Wata rana cikinsu wani zai ɗauki alƙalami, kamar yadda yaron Kagara ya ɗauka shekara 32 bayan faɗuwar Kwantagora. Ran nan gardamar za ta zama tasa: ya faɗi abin yadda ya faru, ko ya kira aljannu su rama masa, kuma daga bakin wa zai faɗa, mai bindiga ko wanda ya kwana a daji.

Magana dai ita ce, gida biyun nan kowa ya riƙe gefen gaskiya. Ba duk abin baƙin ciki a labari ne dabara ba, wani tarihi ne da marubuci ba shi da ikon kauce masa. Amma zaɓen abin da za a faɗa, da inda za a tsaya, da wanda za a ba baki, wannan kullum aikin mutum ne, kuma a kansa za a tambaye shi. Tsohuwa mai tatsuniya tana da Gizon da za ta ɗora wa ƙaryarta. Wanda ya ce shi labari yake bayarwa ba shi da wannan mafita.

Da la'asar ta yi sanyi a Kumbashi, shanu sukan gangaro daga gefen dutse, hayaƙi ya tashi daga madafai, yara su taru, wasu gaban kaka, wasu gaban waya. Allah ya zaunar da ƙasar lafiya, ya sa abin da za su ba 'ya'yansu labari ya fi wanda suka gani daɗin ji. Amin.