Kafin ka canja kwas, karanta wannan

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke Jami'ar Jos. Yau da 'yan aji ɗaya nake, musamman waɗanda aka ba Ilimin Masu Buƙata ta Musamman suke ta faɗi-tashin canja kwas.

Na san tsokanar da ake mana a ɗakunan kwana: malamin kurame, malamin makafi. Ai ba zagi ba ne. Filato ta daɗe a harkar nan, tun 1953 'yan mishan na SUM suka buɗe makarantar makafi a Gindiri, ga kuma ta kurame a Bassa. Amma akwai yaran da har yau ba mu yi musu tanadin kirki ba. Idonsu garau, kunnensu garau, halinsu ne ya gagari kowa. Yaro ya yi cizo, ya fasa kaya, ko ya wuni bai ce uffan ba. A gida a ce aljanu ne ko sammu, a makaranta a yi ta bulala har a gaji a kore shi. Daga nan sai gidan mari.

Ku tuna Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, ciki har da yara, wasu da sasari a ƙafa. Watan da ya biyo baya aka sake ganin irin haka a Daura. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, don ba su san wani wurin ba.

Lokacin koyarwar gwaji, a wata firamare nan cikin gari, na haɗu da wani ɗan shekara tara da kowa ke kira kangararre. Malamarmu ta ce kada in taɓa bulala, in riƙe littafi kawai ina rubuta abu uku: me ya faru kafin ya birkice, me ya yi, me ya biyo baya. Cikin sati biyu abin ya fito fili. Duk sanda aka buga ƙofa da ƙarfi ko aji ya kaure da ihu, sai ya kai wa na kusa da shi duka. Da na tambayi kakarsa, ta ce da dare suka gudo daga ƙauyensu ana harbi. Mu da muka taso da labarin rikicin 2001, 2008 da 2010, ai mun san me tsoro ke yi wa mutum.

Muka mayar da shi gaba kusa da ni, muka ware masa lungun da zai je ya huce idan ya ji abin na taso masa, ina yaba masa nan take in ya yi daidai. Bai warke ba fa, amma kafin in gama yana iya zama darasi guda ba faɗa.

Wannan shi ne aikin makarantar da ke haɗa karatu da jinya: yara kaɗan a aji, tsarin yini da ba ya canjawa, malami da likitan ƙwaƙwalwa da iyaye suna aiki tare. Doka ma ta motsa, don a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Sai dai doka ba ta shiga aji, malami ke shiga. Kuma uwar da ke Katsina ko Gusau tana buƙatar wanda zai yi mata bayanin ɗanta da Hausa.

Don haka ƙanina, ƙanwata, ku ba kwas ɗin nan zango ɗaya tukuna. Wanda kuma ke da irin yaron nan a gida, a fara kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na JUTH, addu'a ba ta hana ganin likita. Allah ya shirya mana zuri'a.