LINCOLN: INDA DIREBA KE TSERE DA AGOGO

Duk wanda ya tashi daga Omaha a mota ya nufi kudu maso yamma, zai yi tafiyar kamar mil 50 cikin gonakin masara, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, kafin ya hango hasumiyar majalisar Jihar Nebraska ta ƙasar Amurka. Tsawonta ƙafa 400, a ƙwanƙolinta kuwa ga mutum-mutumin manomi yana watsa iri. To, nan ne Lincoln, babban birnin jihar, gari mai tsit wanda gwamnati da jami'a suka raya.

Amma fa a farkon watan Satumba na kowace shekara sai garin ya yi baƙi na daban. Direbobi fiye da 1,000 sukan ɗunguma daga kusurwoyin ƙasar, wasu da motocinsu bisa tirela, wasu kuwa a cikin motar da suke zuwa aiki da ita, tayoyin tsere jibge a kujerar baya. Duk inda suka fito, zangonsu ɗaya ne, watau wani makeken fili na kankare a gefen filin jirgin saman garin. A da sansanin mayaƙan sama ne, inda manyan jiragen yaƙi samfurin B-47 suke kwana, har aka rufe shi a 1966. Kankaren da aka zuba don ɗaukar nauyin jirage shi ne yau tayar mota ke kamawa tamau.

Wasan da ya tara su suna kiransa otokuros, kuma ƙungiyar masu motocin wasa ta Amurka, SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ke shirya shi. An fara gasar ƙasa baki ɗaya a Jihar Missouri a 1973, ta daɗe a Jihar Kansas, sa'an nan ta tare a Lincoln tun 2009. Ƙungiyar tana da rassa fiye da 100, kuma a rassan nan ne ake koyon abin. Ran Asabar ko Lahadi 'yan kulob ɗin gari sukan ari filin ajiye motoci, malami da makaniki da akawu, maza da mata, kowa da hular kwanonsa.

Yadda ake yinsa kuwa, ana zana hanya mai yawan kwana da turakun roba masu siffar mazurari a kife, kowane turke an kewaye gindinsa da alli. Mota ɗai-ɗai ake saki, saboda haka babu gogayya, babu karo, abokin hamayyar direba agogo ne kurum. Gudun bai cika wuce wanda ake yi bisa babbar hanya ba, zagaye ɗaya kuma bai fi kamar minti guda ba. Wanda ya kayar da turke, ko ya ture shi ya fita daga zanen alli, za a ƙara masa sakan 2. Wanda ya ɓace hanya kuwa, zagayensa ya tashi a banza.

Ba a yarda kowa ya gwada hanyar da mota kafin gasa ba. Don haka da sassafe za a ga ɗaruruwan mutane suna bin ta da ƙafa, wani ya tsuguna yana auna kwana da ido, wani yana murɗa sitiyarin da babu shi a hannunsa, yana haddace inda zai taka birki. A Lincoln hanyoyi biyu ake zanawa. Kowane direba yana da zagaye uku a kan ɗaya ran farko, uku a kan ɗayar kashegari, sai a haɗa mafi kyawun lokacinsa na kowace rana.

Mai karatu ya lissafa da kansa. Mutum ya shekara yana tara kuɗin taya, ya ci hutunsa a hanya, ya yi tafiyar kwana biyu, duk saboda tuƙin minti shida. Agogon kuwa har kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan yake ƙirgawa, ta yadda turke guda kan sauko da gwani daga sahun gaba zuwa can baya. Nan ake ganin gaskiyar masu iya magana da suka ce sauri kan haifi nawa, domin wanda ya afka wa kwana da zafi, a wajen fita zai biya bashin. In kuma hadari ya taso, ba a dakatawa don ruwa sai dai don walƙiya.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne, kowane ɗan gasa ma'aikaci ne. Wanda ya gama nasa zagayen zai ajiye hular kwano, ya je ya tsaya cikin rana yana tsince turakun da wasu suka watsar, ko da shi ne zakaran bara. Ladan wanda ya ci kuwa kofi ne, sai ɗan abin da kamfanonin taya da na motoci kan bayar.

Ran Juma'a da yamma akan loda turaku, fili ya koma shiru, sai baƙin sawun taya bisa kankare. Wanda turke guda ya kayar yakan ɗaure kayansa, ya kama hanyar gida yana tuna kwanar da ta cuce shi, ran Litinin kuma ya shiga motar nan tasa ya tafi aiki.