Jiragen katako na gulaben Norfok

A gabashin ƙasar Ingila akwai wani yanki da ake kira Norfok. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗa, mai gulabe da tafkuna. Hanyar ruwanta ta kai kilomita 200. Ruwan kwance yake, babu igiya irin ta teku.

Tafkunan nan aikin hannun mutane ne. Mutanen dā sun haƙi baƙar ƙasa mai cin wuta don dahuwa. Daga baya ruwa ya cike ramukan.

Kusa da garin Ludam akwai ƙananan jiragen katako da aka fara ƙerawa a 1932. An yi su babu inji. Ana ɗaura babban ƙyalle ga dogon itace, iska ta tura jirgi. In iska ta kwanta, sai a tura da gora, kamar yadda masunta ke yi. In an iso tsohuwar gadar Fota Hayam, sai an kwantar da itacen, don gadar gajera ce. Da dare matafiya su ɗaure jirgi bakin gulbi, su kwana ciki.

Da hukuma ta so sayar da jiragen, mutane suka haɗa kai, suka tara kuɗi, suka saye su a 1996. Kowace shekara, lokacin sanyi, ana fiddo su tudu. Kafintoci su canza katakon da ya ruɓe, su shafa mai. Shi ya sa jirgi mai shekara 90 yake aiki har yau.